Mai Koren Ɗankwali a Layin Baya

Aikina zargi ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na daɗe ina alƙalancin darar shahmat, darar nan ta allo mai sarki da waziri da doki da giwa. Na ga wanda ya ɓoye waya a bayan tankin ruwan banɗaki, na ga uban da yake yi wa ɗansa tari ɗaya in doki zai motsa, tari biyu in giwa ce. Saboda haka duk ɗan wasan da ya shigo zaure yana fara'a, takalminsa nake fara kallo kafin fuskarsa.

A shekarar da nake ba ku labari, a birnin Semey aka yi gasar mata ta ƙasa, tsakiyar hunturu, ni ce babbar alƙaliya. Wadda ta zo ta ɗaya ita za ta wakilci ƙasa a gasar duniya. Mutum biyu ne a gaba: Inkar, yarinya mai tasowa, da Kenjegul Tileuberdi.

Kenjegul ta samu lambar babbar gwana tun ba ta cika ashirin ba, har aka riƙa manna hotonta a makarantu. Sai kuma ta zube. Shekara biyu ana cin ta kamar tuwo, yaran da suka koyi wasa daga wasanninta suna kayar da ita, jaridu suka manta da sunanta. Kwatsam a bara ta farfaɗo, a gasar nan kuwa duk wadda ta zauna a gabanta sai ta tashi da jan ido. Irin wannan farfaɗowa ba ta burge ni, tayar mini da hankali take yi.

Ana saura wasa uku a gama, Serikbol, mai horar da Inkar, ya tare ni a ƙofar ɗakin alƙalai, yana karkaɗe ƙanƙara daga hularsa.

"Bagila, idonki ne ya tsufa, ko zuma aka zuba miki a shayi?"

"Agai," na ce, yadda ake kiran manya, "in ƙara ka kawo, rubuta. In tsokana ce, ban karya kumallo ba tukuna."

"Layin baya, kusa da ƙofa. Mai koren ɗankwali. Ki kalle ta yau, gobe ki gaya mini ko ni ne mahaukaci." Ya matso, ya rage murya. "Tun da matar nan ta fara zuwa gasa Kenjegul ta daina faɗuwa. Na bi sawu, gari uku ke nan."

Na kalle ta. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da 'yan kai, siririya, hannuwanta irin na masu tatsar dabbobi. Ba ta gaisa da kowa, ba ta tafi in an tafa. Idonta na kan babban allon bango inda ake nuna wasa. Wasa ya yi zafi, Kenjegul ta daɗe tana tunani, sai ta ɗago kai, ta tsallake 'yan layin gaba kaf, ta sauke ido a kan matar. Matar kuwa ta kama bakin ɗankwalinta ta sa a baki ta cije. Kenjegul ta sunkuya, ta ba da dokinta kyauta. Da yamma muka tambayi kwamfuta, ta ce duk allon babu motsin da ya fi wannan.

Washegari ma haka. Ƙari a kai, na gano matar tana barin ɗan ƙulli wurin masu ajiye riguna, Kenjegul ta karɓa kafin ta shiga. Na kira Kenjegul ɗaki, na bi jikinta da sandar bincike har tafin ƙafa, na kwance ƙullin. Kurt ne, busasshen cukun gida, mulmule da hannu. Na murƙushe su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Gishiri da cuku kawai.

Kenjegul tana tsaye tana kallon garin da na yi.

"Kin gama, apai? Ko a kawo miki turmi?" Apai ɗin nan na girmamawa ne, amma a baki kawai ya tsaya.

"Wace ce matar nan?"

"Matar yayana ce. Torgin."

"Me ya hana ta zama a gaba tare da mahaifiyarki?"

"Surukar gida ba ta zama a jere da Apa. Ke ma kin sani."

"Me kike nema a fuskarta in wasa ya ƙwaɓe?"

Ta ɗauki jakarta. "Wuyana ne yake gajiya," ta ce, ta fita.

Ban yarda ba, ko kaɗan. Amma kafin in yanke abin yi, sai ga saƙo daga Ulmeken apa, mahaifiyar tata, wai in zo shan shayi ranar hutu. Tsohuwar nan ta haura tamanin, kullum tana layin gaba da farin lulluɓinta, shugabannin gasa suna zuwa gaishe ta. Ba a ƙin gayyatar irinta. Na kuma san ba don kyawun fuskata ta kira ni ba.

Ulmeken apa ta haura tamanin, na ce, Kenjegul kuwa ba ta kai ashirin da biyar ba. Kowa ya iya lissafi, babu dai mai yinsa a fili. Jikar fari ce, tsohuwa ta ɗauke ta tun tana cikin tsumma kamar yadda kakanni suke yi, ta raɗa mata sunan 'yar auta, daga ranar ta zama tata. Wanda ya haife ta ya koma yayanta, wadda ta haife ta ta koma matar yaya. Abin da ban sani ba shi ne wacce ce, don tsohuwar 'ya'ya maza huɗu gare ta, surukai huɗu.

Gidan da suka kama haya ƙarami ne, amma tebur ya cika, ga naman doki, ga soyayyen fanke, ga man shanu. Aka zaunar da ni a sama kusa da tsohuwa. Kenjegul ta gaishe ni ta shige ɗaki, wai tana shirin wasan ƙarshe. Torgin tana can ƙasa ta bakin ƙofa, wurin butar shayi, tana zuba mana kaɗan-kaɗan a gindin kofi, tana miƙowa da hannu biyu.

"An ce kin farfasa wa autata kurt," in ji tsohuwa. "Ya yi gishiri?"

"Aiki ne, Apa."

"Aiki. To, ci nama, shi ma ki bincika shi." Ta nuna wani tsohon allon dara da ke kan akwati a gefena, an jera 'ya'yansa. "Kin ga wancan? Na marigayi maigidana ne. A wurinsa ta gado. Duk zuriyarmu babu wanda ya taɓa sanin abin nan sai shi, sai autar da na haifa masa da tsufana. Ko'ina muka je sai da shi."

Na juya wurin mai zuba shayi. "Ke fa, ƙanwata, kin iya?"

"Ni?" Ba ta ɗago ba. "Ina na ga ta wasa? Shanu na sani."

"To me kike kallo a allon bango tun safe har yamma?"

"Apa nake jira. Ni nake kai ta, ni nake dawo da ita."

Amsa ta yi kyau, har ta yi kyau da yawa. Tsohuwa ta shiga ba ni labarin ciwon gwiwarta, ni kuma na miƙa hannu kamar mai sha'awar sassaƙar katako, na ɗauki farin sarki da farin waziri ina jujjuyawa, na mayar da su, kowanne a gidan ɗan'uwansa. Wanda bai iya dara ba zai shekara yana kallon allon nan bai ga aibu ba.

Can Torgin ta tashi ƙaro madara. Ta bi ta gefen akwatin, tire a hannun hagu, ko tsayawa ba ta yi ba, hannun damanta ya sauka ya musanya su. Yatsu uku ta sa, ta kama sarki ta wuya, ta ɗan murza shi a gidansa bayan ta ajiye. Na shekara biyar ina ganin wannan murzawar a hannun Kenjegul.

Da ta dawo muka haɗa ido, ta gane abin da ta yi. Na saci kallon tsohuwa, ita kuwa tana tauna fanke da dasashi, tana kallon taga. Ban san ko ta gani ba. Torgin ta karɓi kofina, ta cika shi fal har baki, ta miƙo. Baƙon da aka cika wa kofi ya san an sallame shi. Na shanye, na yi godiya, na tashi.

A matakala ta cim mini da ƙullin ragowar tebur da ake ba baƙo.

"Kin yi mini ƙarya," na ce.

"Na yi."

"Allon na wane ne?"

Ta waiwaya ta dubi ƙofa. "Nawa ne. Cikin akwatin aurena ya zo. Ina 'yar makaranta na taɓa cinye gundumarmu. Surukina, Allah ya ji ƙansa, bai san doki daga giwa ba. In na je yi wa Apa wanki sai in jera shi a ƙasa, in bar shi inda yarinya za ta yi rarrafe ta same shi."

"Yarinya. Ba ki iya kiran sunanta?"

"Ƙanwar mijina ce. Auta nake ce mata."

"Torgin, saurare ni. Gobe Serikbol zai shigar da ƙara a rubuce. In na rubuta cewa uwa ce take kallon 'yarta, 'yar kuma take neman idon uwarta, duk wanda ke kwamitin nan zai gyaɗa kai, don kowa yana da irin wannan a danginsa. In na rubuta cewa matar yaya ce da ta iya dara ta ce ba ta iya ba, tana laɓewa a bayan zaure tana cizon ɗankwali, za a soke mata wasanninta, a dakatar da ita. Wannan tabon ba ya fita."

"Rubuta na biyun."

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji." Muryarta ta yi ƙasa. "Mijina ya rasu shekara uku da suka wuce. Auta ta zo, ta zauna a cikin ƙannen mamaci, ta yi kukan ƙanwa, don shi aka yarda ta yi. Daga nan wasanta ya lalace. Apa ta binne miji, ta binne babban ɗa. Abin da ya rage mata a duniya shi ne ita ta haifi Kenjegul Tileuberdi. Takardarku a gaban jama'a ake karantawa. Ni ba zan ƙwace mata ba."

"To ɗankwalin fa?"

"Wane ɗankwali?"

Ta dube ni da ido fal mamaki. Ko dai ba ta san tana yi ba, ko kuma ta fi duk wanda na taɓa kamawa iya wasan kwaikwayo. Na ce ta nuna mini wayarta, ta fito da wata tsohuwa mai maɓallai. Wannan bai wanke ta ba, don irin wayar ma tana iya girgiza a aljihu in wani yana waje da kwamfuta. Tausayinta ya kama ni, ban musa ba. Amma a aikina na koyi cewa ba wanda ya kai uwa iya yi wa ɗa maguɗi, don ita ba ta ɗaukarsa laifi.

Da safe, kafin wasan ƙarshe, muka zauna a ɗakin alƙalai: ni, da mutum biyu na kwamiti, da Serikbol, da Kenjegul. Torgin tana tsaye a bakin ƙofa. Ba wanda ya gayyaci Ulmeken apa, amma sai ga ta da sandarta, kuma ba wanda ya isa ya ce ta fita.

Serikbol ya karanta ƙararsa, ya ajiye takarda, ya buɗe hannuwa.

"Ni ba na zargin kowa, tambaya nake yi. Gwana tana cikin matsi, mahaifiyarta na zaune a gabanta, ta tsallake ta, ta nemi matar yaya a bayan zaure. In da dalili a faɗa mana, in janye yanzun nan, in ba da haƙuri."

Yana maganar yana kallon tsohuwa ta wutsiyar ido. A nan na fara zargin shi ma ya yi lissafinsa tuntuni, ya kuma san dalilin ba zai faɗu a ɗakin nan ba. Wasan ƙarshe da Inkar ne, makinsu daidai yake. Ko ba a kama kowa da komai ba, ya riga ya girgiza abokiyar karawa.

Na yi tambayar da dole in yi. "Kenjegul, mece ce matar nan a wurinki?"

Ta dubi Torgin. Ta dubi tsohuwa, wadda ta ɗora haɓa a kan sanda kamar mai gyangyaɗi.

"Matar yayana ce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, apai."

Haushi ya kama ni, na su duka ukun. Na yanke cewa Torgin ba za ta shiga ginin ba har a tashi, za a jinkirta nuna wasa a waje, ƙara kuma ta tafi gaban hukuma. Kowa a ɗakin ya san abin da hakan yake nufi. In Kenjegul ta faɗi yau, duniya za ta ce an cire mata mai ba ta amsa ne, hukuma ma haka za ta karanta. Ba adalci ba ne a rataya sunan mutum a kan wasa ɗaya, don gwana ma tana faɗuwa. Amma haka mutane suke.

Torgin ta gyara wa tsohuwa lulluɓi, ta ce wa Kenjegul, "Auta, a yi a hankali," ta fita.

Inkar ba ta zo da wasa ba. Tun farko ta matsa, ta ci soja ɗaya, ta kafa dokinta a tsakiyar allo. Ni ina tsaye a gefe, idona ba ya kan allon, yana kan Kenjegul: ƙafafunta, kunnuwanta, sau nawa ta tashi. Ba ta tashi ba. Agogonta yana ta ci. Can ta ɗago kai, ta tsallake layin gaba, ta sauke ido a kan kujerar da ba kowa. Ta daɗe tana kallonta. Na ce a raina, to, yau za a ji.

Sai ta sunkuya, ta kai hannu wuyanta, ta jawo bakin gyalen da ta yafa, ta sa a baki ta cije. Ta gefen hagu, kai a karkace, ido a kan allo, sak irin na Torgin. Wataƙila ta sha yi a gabana ban lura ba, don kullum in ta ɗago kai ni bayan zaure nake juyawa. Na dubi Serikbol, na ga shi ma ya gani, ya saki baki. Na dubi Ulmeken apa. Idonta biyu tar, kuma ba allon bango take kallo ba, tunda ba ta san kansa ba, bakin Kenjegul take kallo.

Ba wani motsin ban mamaki da ta yi a ranar. Ta dai ƙi mutuwa. Ta toshe nan, ta toshe can, ta mayar da sojanta, ta ja wasan har Inkar ta gaji ta yi garaje da giwarta. Daga nan ta riƙa tura soja ɗaya gaba, gida-gida, gyale a baki, har rana ta yi sanyi. Inkar ta tsayar da agogo ta miƙa hannu, ta sallama.

Zaure ya kaure. 'Yan garinsu suka yi kan tsohuwa a guje, kowa yana so ya riga kai albishir ya karɓi tukuici, suna ihu, "Suyinshi, Apa, suyinshi!" Na san ta zo da shiri, don tun safe na ga jakarta a kumbure da alewa da yadi. Ba ta buɗe ba. Ta buga sanda a ƙasa har aka yi shiru, ta yafito ni.

"Ke mai bincike. Kin iya nemo mutum, ko kurt kawai kike iya fasawa?"

"Na iya, Apa."

"To wannan albishir ba a wurina ake karɓar tukuicinsa ba. Mai biya tana waje. Je ki karɓa."

Kenjegul tana tsaye a bayanta, biro a hannu, ta kasa sa hannu a takardar sakamako. Tsohuwa ba ta waiwaya ba, ta ce, "Ke kuma me kike jira? Sa hannu ki ɗauko rigarki, ana sanyi a waje."

Na riga ta fita. Torgin tana tsallaken titi, a rumfar jiran bas, ta juya wa ginin baya, ƙanƙara ta taru a kafaɗunta. Ni da na tsufa ban taɓa yi wa ɗan wasa murna ba, na tsinci kaina ina ɗaga murya.

"Suyinshi!"

Ta juyo, ta dafe ƙirji. Sai kuma ta tuna kanta. "Ki je wurin Apa. Ita ake kai wa."

"Apa ce ta aiko ni. Ta ce ke ce mai biya. A gaban kowa ta faɗa."

Ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ta lalubi aljihu, babu komai sai wayar nan. Ta dubi hannunta, ba zobe. Sai ta kwance koren ɗankwalin, ta miƙo mini da hannu biyu, kanta a buɗe cikin wannan sanyi, furfura ta fito fili. Idonta ya wuce ni, ya tafi ƙofar ginin, inda Kenjegul ta fito da riga a hannu, ba ta ko saka ba.

Na matsa gefe na ba su wuri. Ina tsaye na ga yatsuna suna bin kalmasar ɗankwalin, suna matsawa, suna neman waya ko ɗan ƙarfe, don hannu ya riga ya saba. Na bi shi kaf, gefe huɗu. Babu komai sai kusurwa ɗaya da haƙori ya cinye, jiƙe take, ta fara daskarewa.